Zoben Malam Tukur a Bakin Kwano

"To zauna ka mutu, Malam Tukur! A kan tsuntsu!"

Hure ce tsaye a bakin ɗakin maƙwabcinta, ta kama ƙugu. Tun safe ɗansa Kamilu ya kawo ɗan sahu daga Gaya a kai tsohon asibiti, shi kuwa ya ce ba inda za shi.

"In na bar Kademi wa zai ciyar da Alhaji?"

Alhajin nan fa aku ne. Shekara talatin ke nan da Malam Tukur ya zo da shi daga kurmi, zamanin yana fataucin goro. Yanzu gashin wuya ya zube, yanar ido ta rufe masa idanu biyu, fari fat kamar an ɗiga nono. Tun da ya makance aka hana gusar da ko tsinke a ɗakin. Sandar da yake tsayuwa a kai tana gindin gado, kwanon ruwa a dama, na gyaɗa a hagu.

"Ni zan ba shi," in ji Hure.

"Ke? Da bakin naki za ki ƙosar da shi?"

Aku kamar jira yake. Ya karkace kai, ya ce da muryar maigidansa sak, "Hure, rage gulma!"

"Ka ji abin da ka koya masa! Allah ya isa tsakanina da ku biyu!"

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗan sahu ya koma ba kowa.

Kwana huɗu bayan nan, ran Alhamis da la'asar, Allah ya karɓi abinsa, Malam Tukur ya cika. Mata suka cika gida. Masu son gwaninta suka share ɗakin tas don baƙi, suka wanke kwanonin suka kife, aka sa aku a sabon kejin da Kamilu ya saya, aka rataye a tsakar gida.

Ran sadakar uku Hure ta leƙa kejin. Gwaiba da ayaba sun bushe a ciki, Alhaji ya takure, ko motsi.

"Kamilu, zo nan. Yaushe rabonsa da ci?"

"Iya, tun ranar. Mun yi mun yi. Ƙila bin Baba zai yi."

"Bin uban wa? Mai da shi ɗaki."

Ta tashi baƙi daga kan tabarma ba ko kunya. Ta kafa sanda a gindin gado, ruwa a dama, gyaɗa a hagu. Ta ɗora shi. Shiru. Ta buga kwanon da cokali. Ko kai bai ɗaga ba.

Hure ta tsaya tana tauna leɓe. Katanga ɗaya ta raba ɗakinta da wannan, kuma kun san Hure: ita ba ta laɓe, katangar ce ba kauri. Shekara da shekaru tana jin abin da ake yi kowace safiya.

"Ina zoben azurfan da aka cire wa Malam wajen wankan gawa?"

Kamilu ya zaro shi daga aljihu. Ta zura a babban yatsa, ta yi gyaran murya irin ta tsoho mai cin goro, ta ƙwanƙwasa bakin kwanon gyaɗar da zoben, yadda ta saba ji. Ɗaya, biyu, ta ɗan dakata, uku.

Aku ya miƙe wuya. Ya taka zuwa hagu a hankali, ƙafa bayan ƙafa, ya sunkuya ya ɗauki gyaɗa. Ya ɓare, ya haɗiye. Sannan ya juyo da fararen idanunsa wajenta.

"Hure, rage gulma."

Kamilu ya dafe bango ya sunkuyar da kai.

"Ɗan banza," in ji Hure. "Kada wanda ya sake taɓa min ɗakin nan. Gobe da safe ina nan."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice da zoben a yatsa, ta bugo ƙyauren har ƙasa ta zubo daga bango. A ciki ba abin da ake ji sai ɓawon gyaɗa yana faɗawa cikin kwano.