Furen Namijin Dabinon Alhaji Musaddiq

Bayan sallar isha'i Malam Muntaka ya ji wata ƙara. Ƙurrr, sai shiru, sai kuma ƙurrr, kamar ana kankare ƙasan tukunya a can sama kusa da taurari. Ya ajiye littafinsa ya saurara. Daga bayan katangar Alhaji Musaddiq take fitowa.

Malam Muntaka tsohon tela ne a unguwar Limawa. Boko aji shida ya yi, amma ya tara littattafan binciken laifi cike da kwali biyu, yana bin Turancinsu da ɗan yatsa. Ba ya son masu ɗan sanda mai tsabta da murmushi. Ya fi son irin mai binciken nan mai taurin rai, wanda rigarsa ta koɗe, maganarsa gajera, garinsu kuma kowa da ɓoyayyen laifinsa. Yakan ce da 'yan majalisarsu ta hira, "Daɗin littafin shi ne ba ya yi maka ƙarya. Mutumin zai gano gaskiya, a fasa masa baki, ya koma gida shi kaɗai ya dafa shayi."

Da safe unguwa ta ɗauka. An yanke furen namijin dabinon Alhaji Musaddiq, shi ke nan namiji ɗaya a duk layin. In ba a ɗaura furensa a jikin furen mace ba, macen ba ta yin 'ya'yan kirki. Mahaifin Alhaji kyauta yake rabawa maƙwabta. Alhaji da ya gada sai ya ja katanga.

Nan take aka ce Tasi'u ne, makiyayin da ke zaune bakin dutse, don shi aka sani da doguwar gora mai lauje a kai. Mai unguwa ya ce bayan la'asar za a zauna. In ta tabbata, Tasi'u zai kwashe shanunsa ya bar wurin da ya shekara ashirin.

Malam Muntaka ya gyara hula ya fita. Bai tambayi kowa komai ba, sama kawai yake kallo. A gida na huɗu ya tsaya. Matan dabino uku ne a ciki, kowace da sabon ɗauri na kaba a furenta. Gidan Malam Idirisu ne, abokinsa tun suna yara, wanda dabinon nan uku ke ciyar da gidansa.

Ya same shi a zaure.

"Idi, hularka ta yi gari."

Malam Idirisu ya cire ya duba. Farin garin fure ne a saƙarta.

"Sau uku na roƙi Alhaji furen, Muntaka. Sau uku."

"Ban tambaye ka ba. Kakkaɓe."

"Kai da littattafan banzan nan naka."

"Su suka kawo ni. Ina gorar?"

"Ta rufin ɗaki ce na zaro."

"Mayar da ita."

Bayan la'asar aka taru ƙofar mai unguwa. Tasi'u na tsugune, sandarsa a ƙasa. Malam Muntaka ya tashi ba tare da an ba shi izini ba.

"Ranka ya daɗe, saniya na cin furen dabino?"

Aka yi dariya.

"Tasi'u na da dabino?"

"Ko ɗaya," in ji mai unguwa.

"To wanda ya yanka ya bar ganye, ya ɗauki abin da mai dabino kaɗai ke so. Ba makiyayi ba ne."

Alhaji Musaddiq ya miƙe. "Kenan ka san shi, Malam! Faɗi sunansa!"

"Na san shi. Na kuma san wanda aka roƙa sau uku ya hana abin da mahaifinsa ke bayarwa a kyauta. Alhaji, in na fara kiran suna, biyu zan kira."

Alhaji ya dubi mutane, ya ga duk shi suke kallo. Ya zauna a hankali. Mai unguwa ya ce Tasi'u ya tashi ya tafi, Allah ya ba shi haƙuri.

A hanyar gida Malam Idirisu bai yarda sun haɗa ido ba, ya bi ta wani lungu. Malam Muntaka ya san shayin yau shi kaɗai zai sha, kuma hakan bai ba shi mamaki ba.

Sauran 'yan zaman na isowa layi, Baba Ikilima mai ƙosai ta leƙo daga ƙofarta, ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya.

"To wai ni kam, in ba Tasi'u ba ne, wa ya yanke furen?"