Babban Yatsan Malam Timoti

Ranar da za a tantance malaman firamare a Makarfi, Malam Timoti ya tsuguna a bakin rijiyar gidansa tun rana ba ta yi zafi ba, da sabulun salo da dutsen goge kaushi, yana dirzar hannuwansa kamar ba a jikinsa suke ba. Wata biyar ke nan albashi bai shigo ba. Huɗu daga ciki ya yi su ne yana ƙwadago a gonakin rake na fadamar Nasarawan Doya, da zarar an tashi daga makaranta. Kaifin ganyen rake ya yayyanka masa tafin hannu, ruwan raken kuma ya bushe ya yi baƙi a cikin tsagun. Shi kuwa bai ga yadda zai miƙa wa gwamnati irin wannan hannu ba. Shekara ashirin da shida yana riƙe da alli, ya fi son a gan shi a malaminsa.

Matarsa Martina ta tsaya a kansa da guga.

"Baban Lucky, fatar za ka cire?"

"Dattin zan cire."

"Dattin da yake ciyar da mu?"

Ya ƙara wa manyan yatsun sabulu, don su ne aka ce za a duba.

Takardar umarnin ta bayyana komai cikin ladabi. Gwamnati ta gano cewa akwai malaman bogi, wato sunaye masu karɓar albashi ba tare da jiki ba, kuma ba za a saki kuɗin masu jikin ba sai an ware su daga marasa shi. Wannan ita ce ganowa ta uku cikin shekara biyu. A ta farko an nemi takardar ɗauka aiki, a ta biyu an nemi hoton mutum tsaye a gaban allo. Yanzu kuma babban yatsa za a ɗora a kan na'ura, ta gwada shi da wanda aka ɗauka shekara shida da suka wuce. Duk wanda ba ta shaida ba kafin ƙarshen wata, za a soke sunansa, tare da shekarun aikinsa baki ɗaya.

A zauren da kwamitin tantancewar ya sauka, layi ya fita ƙofa ya zagaye bishiyar darbejiya. Kowa da dabararsa. Wani yana goga yatsa a goshi don ya sami maiƙo, wata ta zo da ɓarin lemon tsami a gefen mayafi, wani dattijo kuma yana hura wa nasa iska yana karanta abin da ya sawwaƙa. Malam Timoti ya dubi hannuwansa, fes da su, ya ji ɗan tausayin sauran.

Sai bayan azahar layi ya zo kansa. Jami'in da ke zaune gaban kwamfuta matashi ne da aka turo daga Kaduna, katin wuyansa yana ɗauke da suna Shamsuddeen, fuskarsa kuma tana ɗauke da gajiyar kwana tara.

"Ɗora nan, Baba. Kada ka danna da ƙarfi."

Fitila ta kawo ja.

"Sake."

Ta kawo ja. Aka gwada na hagu, aka dawo na dama, aka goge gilashin da gefen riga. Shamsuddeen ya kama hannun ya juya shi wajen hasken taga.

"Baba, me ka yi wa yatsan nan? Sumul yake kamar bayan cokali."

"Wanke shi na yi, Yallaɓai."

"Da me?"

"Da dutse."

Wani a baya ya yi tari irin na ɓoye dariya. Shamsuddeen ya saki hannun a hankali.

"Da ka zo da dattinka, da wataƙila mun sami abin kamawa. Ɗan zanen da aiki ya rage maka, shi ka goge."

Shugabar makarantarsu, Malama Sabuwa, ta fito daga layi ta matso. "Yallaɓai, wannan fa Malam Timoti ne. Mutum biyar a layin nan shi ya koya musu karatu. Ni kaina a makarantar na tarar da shi."

"Hajiya, ni ma ina ganinsa," in ji Shamsuddeen. "Amma ba ni aka aiko in gan shi ba." Ya ja wata takarda ya rubuta kwanan wata. "Ranar ƙarshe za mu sake zama a nan, nan da mako biyu. Zanen yatsa yakan dawo idan aka bar shi ya huta. Kada ya taɓa adda, kada ya taɓa fartanya. Alli ma ka bar shi, yana cin fata. Man kaɗe safe da yamma."

"Wato in daina rubutu a allo domin a tabbatar ni malami ne."

"Ni dai ban faɗa a rubuce ba, Baba. Na gaba."

Ƙwadago ana iya barinsa na mako biyu, a ɗaure ciki. Abin da ba ya baruwa shi ne 'yar gonar raken da ya gada daga mahaifinsa a bakin rafi. Dillali Maiwada ya riga ya taya an sallama, da sharaɗin a sare a ɓare a ɗaure kafin motarsa ta zo nan da kwana goma. In ta zo ba ta tarar da kaya ba, garin Kudan za ta wuce, kuma ba ta dawowa don gona guda. Da kuɗin raken nan ne gidan zai kai damina. Ɗansu Lucky yana Zariya neman aiki, 'yan ƙwadago kuwa ba sa saran rake a kan alkawari, wannan Malam Timoti ya sani sarai, tunda shi ma ɗayansu ne.

Ya kwana uku yana auna abin. Martina ta yayyaga tsohon zane, tana shafa masa man kaɗe tana naɗe manyan yatsun biyu. Makaranta bai fasa zuwa ba, amma da baki kawai yake koyar da aji shida, hannuwansa a bayansa.

A rana ta huɗu da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Iliyasu ne, shugaban iyayen yara, manomin rake mai faɗin murya, wanda a taron da ya wuce ya miƙe ya ce malaman yanzu ko an biya su ko ba a biya su ba, sakamakon ɗaya ne. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, aka tambayi gida da iyali da gajiya da gona, babu abin da aka tsallake. Sannan Iliyasu ya gyara zama a kan benci.

"Malam, 'yata Ummukulthum ta ce mini kwana uku allonku bai ga alli ba. Ga jarrabawar fita ta matso. In yajin aiki kuke yi, ku faɗa mana mu sani, mu kai su gona."

Malam Timoti ya fito da hannuwansa daga cikin riga ya ɗora a kan gwiwa. Iliyasu ya dube su.

"Ikon Allah. An sa ka a lalle ne? Ba a gayyace mu ba."

Ya ba shi labarin tun daga bakin rijiya, bai rage ko dutsen ba. Iliyasu ya yi dariya har ya share ido da hula. Daga nan dariyar ta tsaya da kanta.

"Lokacin zaɓe yatsan nan dai suka biyo mu nema har gida, da mota da lasifika. Ran nan na'ura ba ta yi gardama ba."

"Ta yi," in ji Malam Timoti. "Amma a ranar akwai fom na wanda ta ƙi."

Iliyasu ya dube shi. "In suka soke ka, wa za su turo?"

"Wanda suka turo da Malam Bashir ya rasu."

Ba a turo kowa ba. Aji uku da aji huɗu a ɗaki guda suke tun lokacin, mutum ɗari da wani abu, rabinsu a kan taga. Iliyasu ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Asabar za a yi gayya a gonarka. Ka gaya wa maiɗakinka ta ɗora abin da take da shi. Kada ka gode mini, ba don kai ba ne. Har yanzu ina kan bakana game da ku."

A al'adar gayya, mai gona shi ne yake fara sara, shi ne kuma na ƙarshen ajiye adda. Mutane suna taimakon wanda suka gani yana gumi ne. Ranar Asabar mutum kusan talatin suka sauka fadama, na masallaci da na coci, Malam Timoti kuwa aka shimfiɗa masa buhu a gindin mangwaro, ya zauna da yatsu biyu a naɗe kamar marar lafiyar da ba a san ciwonsa ba. Tun da ya yi wayo bai taɓa yin yini mai tsawon wannan ba.

Ba su raga masa ba. Duk wanda ya zo wucewa da ɗaurin rake sai ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, a gaida mai gwamnati."

"Ticha, a kawo mafici ne? Kada yatsan ya yi gumi."

Tsakanin sara da sara kuma hira ta koma inda takan koma a ko'ina a wannan shekara, a wurin mai shayi ko a bayan mota.

"Kullum an gano na bogi, an gano na bogi. Wanda yake karɓar kuɗin nasu fa, shi ba shi da yatsa?"

"Shi ai a ofis yake, ba ya taɓa rake."

"Ɗana aji biyar, sunansa ma sai ya tsaya tunani. Na rasa wanda zan zaga, malamin ko mai biyan malamin."

"Zagi na kusa, na nesa ba zai ji ba."

Wajen azahar sai ga Baba Philemon, dattijon da ya haura saba'in, abokin mahaifinsa, ya taho da ɗauri a ka, ƙafafunsa suna rawa a cikin laka. Malam Timoti bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya isa gare shi, ya kai hannu zai kama igiyar ɗaurin, igiya mai kaushi da aka murɗa da ganyen rake. Iliyasu ya riga shi, ya tare shi da ƙotar adda a ƙirji.

"Koma ka zauna, Malam."

"Sa'an ubana ne."

"Na sani. Mutum talatin sun bar gonakinsu yau saboda yatsan nan. In ka yanke shi, aikinmu ka yanke."

Baba Philemon ya wuce da kayansa bai ko waiwayo ba. Malam Timoti ya koma gindin mangwaro. Da Martina da matan unguwa suka kawo tuwon masara, wanda rabin garin tuwon ma su suka haɗo, da cokali ya ci nasa, a gaban mutane. Wannan ma sai da aka yi masa magana a kai.

Motar Maiwada ta zo a ranarta ta tarar da kaya.

Ranar ƙarshe layin gajere ne: manoma irinsa, da mata biyu da lallen biki ya ɓata wa yatsu, da wani da injin niƙa ya taɓa. A bakin ƙofa Malam Timoti ya kwance tsumman. Yatsan ya yi laushi ya yi haske, har ya bambanta da 'yan uwansa huɗu, kamar wanda ya daɗe a birni.

"Baba mai dutse," in ji Shamsuddeen. "Ɗora mu gani."

Ja.

"Kwantar da shi sosai. Kada ka riƙe numfashi."

Ja. Shamsuddeen ya kama yatsan da kansa, ya ɗan mirgina shi daga gefe zuwa gefe. Na'urar ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta kawo kore. A fuskar kwamfuta hoton wani mutum ya fito, mai cikar kumatu da baƙin gashi, sunan Malam Timoti a ƙarƙashinsa. Aka buga hatimi a takarda: an tabbatar.

"To, Yallaɓai, maganar albashin fa?"

"Wannan wani kwamitin ne, Baba. Mu namu mu ce kana nan." Ya miƙa masa takardar. "Ka ci gaba da kula da shi. An ce daga yanzu kowane zangon karatu za a riƙa yi. Bayan wata uku muna tafe."

Ranar Litinin ya shiga aji shida. Yara suka miƙe suka gaishe shi, suka buɗe littattafai, don labari ya riga ya zaga cewa yau za a yi rubutu. Ya ɗauki guntun alli daga kan tebur, ya tsaya yana dubansa. Sannan ya soke shi tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, ya ɗage babban yatsan sama, nesa da ƙura, ya fara rubuta kwanan wata. Haruffan suka fito a karkace, kamar ba na mutumin da ake aiko wa da takardun unguwa ya rubuta ba. Ya goge da gefen hannu ya sake. Na biyun ya ɗan fi.

Da ya cika layi uku ya juyo ya ga ko suna biye da shi. A bencin gaba, Ummukulthum da na kusa da ita sun soke fensir tsakanin yatsu biyu, manyan yatsunsu a sama, suna kwafa a hankali cikin natsuwa, yadda suka ga Malam yana yi. Na bayansu ma sun fara gyara riƙo.

Ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya juya ga allo ya ci gaba da layi na huɗu.