Ƙugiyar Motar Baba

Da Auta ta dire jakarta a kan kantar kantin maganin da take aiki, sai da kwalaben da ke jere suka girgiza.

"Ke kuwa, guduma kika sako a jaka?" in ji abokiyar aikinta.

Abin da ke jakar ƙugiyar motar mahaifinta ce, wani lanƙwasasshen ƙarfe mai mulmulallen kai, duk ya dame mata kaya da baƙin giris. Da ita tsohon yake ɗaura 'yar tirelarsa mai taya biyu a bayan mota, ya kai dashen tumatir da barkono da furanni kasuwa. Da safen nan ta biya gidansa, ta tsuguna ta zare ta yana banɗaki, ta sulale kamar ɓarauniya.

Abin haushin, ita da Yayanta ne suka sa masa wannan ƙugiyar. Ta da, waldace ta aka yi da jikin motar, kuma ba a mako Inna, mahaifiyarsu, ba ta bugi ƙwauri da ita ba in ta zagaya ɗaukar kaya. Shi ne suka kai motar wurin bakanike ya sa irin wadda ake cirewa: a zura ta a wani rami ƙarƙashin bamba, ta ce ƙas, a kulle da ɗan makulli. In an gama aiki a cire a ajiye. Baba ya yi godiya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cire ta ba. Inna ta ci gaba da bugun ƙwauri har Allah ya yi mata rasuwa. Makulli na biyu kuwa ya zauna a wurin Auta, an ma manta da shi.

Shekaranjiya ne Baba ya yi ribas zai fita daga gida, tirelar ta karkace ta murƙushe keken jikar tela, maƙwabcinsu. Yarinyar ba ta daɗe da sauka ba, tana tsaye a gefe tana gyara takalmi. Baba bai gan ta ba, bai ga keken ba, ƙarar ƙarfe kawai ya ji. Idonsa na dama ya daɗe da yin yana, wuyansa kuma ba ya waiwayuwa, amma duk wanda ya faɗa masa haka ya shiga uku. Makullin motar a aljihu yake kwana da shi. Ƙugiya ce kaɗai hannun mutum zai kai gare ta, kuma kowa ya san Baba ba ya tayar da motar nan sai don tirela.

Wayarta ta yi ƙara kafin ta gama ɗaura rigar aiki.

"Auta."

"Na'am, Baba. Ina kwana?"

"Ban kira don gaisuwa ba. Ina ƙugiyata?"

"Tana wurina."

"Ni kika yi wa sata? A cikin gidana?"

"Baba, da 'yar mutane ce a kan keken nan fa?"

"Ai ba ta kai. Keke kuma na ce zan gyara."

"Ido ne ba ya gyaruwa a wurin mai walda."

Ta san ta yi ɓarin baki tun kafin ta rufe shi. Ya ce, a hankali, irin hankalin da ya fi tsawa ciwo, "Da tirelar nan aka yi miki karatun da kike min rashin kunya da shi. Gobe kasuwa. Dashen nan in ya wuce gobe ya tsufa a leda, ba mai saye. Ki dawo min da kayana." Ya kashe.

Ta kira Yaya. Shi ne fa jiya ya cika mata kunne daga can garin da yake aiki: a yi wani abu, Auta, ke ce kusa, kada mu wayi gari da abin kunya.

"Baba ya kira ni," in ji Yaya. "Gaskiya kin yi gaggawa. Ni ban ce ki cire masa komai ba."

"Me ka ce in yi?"

"Na ce a lallaɓa shi."

"A lallaɓa shi. Wa zai lallaɓa? Kai da kake zuwa da tsaraba ka kwana ɗaya ka tafi, ana sa maka albarka? Ni nake kai shi asibiti, ni nake shan zagi, ni na tsaya gaban tela ina ba da haƙuri kamar ni na haifi motar. Ashe ingiza mai kantu ruwa ka yi."

"Ki rage murya, da Yayanki kike magana."

"To Yayana, ka zo ka karɓi ƙugiyar ka mayar masa da hannunka. In ya taka wani, sai ka zo ka lallaɓa gawar."

Ta kife wayar a kan kanta. Yinin ranar ta yi shi a cike fam. Wani ya zo sayen maganin tari ta miƙa masa kamar shi ya yi mata laifi. Haushin Yaya take ji, da na Baba, da na bakaniken da ya koya mata cire abin tana dariya, har da na Inna da ta tafi ta bar mata wannan rigimammen tsoho. Ta rantse a ranta ko zai daina amsa gaisuwarta har abada, ƙugiyar nan ba za ta koma ba.

Washegari rana ta ɗan ɗago sai ga kiran tela.

"'Yata, ki zo. Babanki ya fita da tirela."

"Da wace ƙugiyar?"

"Ki dai zo."

A ƙarshen layinsu, inda titi ya fara hawa, ta same shi. Motar na can ƙofar gida. Baba ya ɗaura igiya a wuyan tirelar, ya rataya a kafaɗa, ya duƙa yana ja. Ledojin dashe sun cika ta maƙil, ganyayen suna kaɗawa duk taku. Rigarsa ta manne da baya. In ya ci gaba taku kaɗan sai tirelar ta dawo da shi, ya toƙare ƙafa, ya sake duƙawa. Mutane sun tsaya a bakin shaguna suna kallo, ba mai iya matsawa, don duk wanda ya matso ya sha harara.

Auta ta ratsa ta cikin masu kallo. Ta sha gabansa ta kama igiyar.

"So kake ka mutu a titi a ce ni na kashe ka?"

"Sakar min igiya."

"Ba zan saka ba. Kasuwar nan ko a mota sai an yi tafiya. Da kafaɗa za ka kai?"

"Ke kika zaɓa min." Yana haki, idon nan mai yana yana kallon gefen fuskarta. "Kin ce kada in taka kowa. To ga ni, wa na taka? Ko ƙafar ma za ki cire ki sa a jaka?"

"Baba, don Allah."

"Zama kike so in yi a tabarma ina jiran ki kawo min abinci, ina ƙirga ƙudaje. Na ga waɗanda aka yi wa haka. Ba sa shekara."

Tirelar ta sake zamewa baya, igiyar ta ƙone mata tafin hannu, su biyun suka toƙare tare. Wata ledar barkono ta faɗo ta fashe a kan kwalta. Baba ya saki igiyar a hannunta, ya durƙusa yana lalube har ya samu dashen, ya tattara ƙasar jijiyar a tafinsa yana hura mata iska. Auta ta tsaya riƙe da nauyin tirelar gaba ɗaya, jaka na jan kafaɗarta ɗaya, tana kallon ƙeyarsa. Ba ta daina jin haushi ba, sai dai ta rasa inda za ta ajiye shi.

Tare suka juya tirelar suka gangaro da ita ƙofar gida. Ta buɗe jaka ta fito da ƙugiyar. Ta tsuguna bayan motar, ta zura, ta danna har ta ce ƙas, ta murɗa ɗan makullin ta mayar da shi jaka. Baba ya ɗora wuyan tirelar a kai, ya jijjiga ya ji ta kama.

Sai ya nufi ƙofar direba, ya zaro makulli daga aljihu. Auta ta miƙe.

"In ka shiga nan, wallahi a gaban motar zan kwanta."

Bai kula ta ba. Ya kai makullin jikin ƙofa, ya kuskure ramin. Ya sake, ya kuskure. A nan ta lura fentin wurin duk ya kakkarce, tsofaffin zane da sababbi, kewaye da ramin makulli. Shi ma yatsansa ya bi ta kansu. Ya daɗe a tsaye.

Ya ajiye makullin a kan rufin motar, ya dafa bonet ya zagaya ɗaya gefen.

"Kin iya ribas da tirela?"

"Ban iya ba."

"To za ki sha zagi yau."

Ta ɗauki makullin ta buɗe ta shiga, ta miƙa hannu ta buɗe masa daga ciki, ta aika wa abokiyar aikinta saƙo cewa za ta makara. Baba ya zauna a ɗarare, gwiwoyinsa sun toƙare gaba, don tun rasuwar Inna ba wanda ya taɓa matsar da kujerar. Auta ta kai hannu za ta ja masa ita baya, ya buge hannun.

"Bar ta yadda take," ya ce. Ya kama mariƙin da ke saman taga, wanda hannun Inna ya sa ya yi sulɓi, ya ƙanƙame. "Ita ma uwar taki ba ta taɓa yarda da tuƙina ba. Tayar mu tafi, rana na yi."