Jinin da Aka Kai Abuja

Gidan Lukuman direba yana unguwar Wambai, ɗaki biyu da tsakar gida. Shi yana jigilar ma'aikata zuwa Abuja, matarsa Rabi'a tana ɗinkin hula, mahaifiyarsa kuma, wadda kowa ke kira Iya, tana zaune tare da su. Abinci bai taɓa yanke musu ba. Abin da suka rasa shi ne lafiyar 'yarsu Muhsina, mai shekara goma sha ɗaya, wadda aka haifa da sikila. Ciwon ne ya tafi da yayanta Nura tun tana goye.

Kullum da safe Muhsina tana shan ƙwayoyinta, na ƙarin jini da na kariya daga zazzaɓin sauro. Da su take iya zuwa makaranta.

Wata Laraba, ranar ganin masu sikila a asibiti, masu bincike suka zo daga Abuja. Shugabarsu, Dakta Folasade, tana jin Hausa sosai. Ta yi wa iyaye bayani cewa akwai yaran da ciwon ba ya kayar da su kamar sauran, kuma suna so su duba ƙwayoyin halittar da yara ke gada daga iyaye don gano dalili. Ta ce a ƙasashen waje ma an fara gyara ƙwayar da ke kawo ciwon tun daga cikin ɓargo. Rabi'a ta amince, aka ɗebi jinin Muhsina a 'yar kwalba.

Da suka koma gida ta ba da labari.

"To, magani yana hanya ke nan," in ji Iya.

"Ba ta ce yana hanya ba, Iya. Bincike ta ce."

"Wa zai ɗebi jinin mutum ya tafi da shi Abuja haka kawai? Awo suka ɗauka, kamar tela."

Iya ta tashi a garin Garam, a gidan da ake haɗa maganin gargajiya. Ƙa'idar gidansu ita ce ba a barin magani biyu su haɗu a ciki ɗaya. Kafin sabo ya shiga, sai a hutar da jiki daga tsoho. Ta tattara ƙwayoyin ta ɗora a saman kabad.

Lukuman ya ce, "Iya, da dai an bari ta ci gaba da sha."

"Da wannan ƙa'idar na raine ka, ga ka nan ƙato, kujerar mota ma ta yi maka kaɗan."

Ya bar maganar, don bai saba musu da mahaifiyarsa ba. Rabi'a ta dube shi, ta ga ba zai ƙara magana ba, ita ma ta koma kan ɗinkin hularta.

Muhsina kuwa murna ta yi. "Iya, in na warke sai mun yi tsere da ke."

"Da waɗannan ƙafafun kamar tsinken tsire? Ko da sandata sai na bar ki a baya."

Damina ta yi nisa, sauro ya cika kwatar bayan gida. Zazzaɓi ya kama Muhsina, ciwon ƙashi ya biyo baya, idanunta suka yi fari fat. A asibiti an ƙara mata jini, ta farfaɗo, amma hannunta na dama ya daina ɗaguwa. Likitan ya tambayi yaushe ta daina shan ƙwayoyinta.

Ranar Laraba Dakta Folasade ta shigo ɗakin da aka kwantar da ita.

"Anti, yaushe maganina zai iso?" Muhsina ta tambaya, harshenta yana nauyi.

Daktar ta jawo kujera ta zauna. "Ƙanwata, ba mu da magani a hannu. Jininki yana firiji tare da na yara da yawa, muna nazarinsa. Aikin zai ɗauki shekaru."

"Shekaru nawa?"

"Ban sani ba."

Iya ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Rabi'a ta ci gaba da matsa wa 'yarta hannun da ba ya motsi.

Muhsina ta gane cewa jinin da aka ɗiba zai iya taimakon wasu yara nan gaba, amma babu maganin da ke zuwa mata.