Ɓeran Farfesa Mamduh

A sashenmu na bincike a Iskandariyya, ƙarami ke wahala, babba ya sa suna. Dakta Nirmin ta yi shekaru tana gyara ƙwayoyin gado a hantar ɓeraye marasa lafiya har suka warke. Shugabanmu Farfesa Mamduh kuwa ko leƙa ɗakin gwajin bai taɓa yi ba, wai wari.

Da 'yan jarida suka zo, sai ga gogan naka ya sha turare. Ya cafko ɓera daga kejin bakin ƙofa.

"Ku ga aikin hannuna!"

"Ranka ya daɗe," in ji Nirmin, "wannan ba a yi masa magani ba."

"Yi shiru, 'yata, ana ɗaukar hoto."

Hoton na nan rataye a ofishinsa. Ɓeran ko Juma'a bai kai ba.