Giyar Tomie da Ƙwan Kifi

Ranar Talata ce, saura kwana goma sha biyu a shiga sabuwar shekara, gari ya waye da sanyi mai yanka kunne, iska na saukowa daga duwatsu tana kaɗa busassun kurangar inabin garin Katsunuma. A ranar Tomie Fukasawa ta ɗaure kwalba biyu a bayan kekenta, ta nufi masaukin baƙin da Shozo yake kuku.

Shekara uku ke nan tana son farar giyar inabin gonarsu ta hau teburin masaukin nan. Shozo abokin mijinta ne tun suna yara, amma abota ba ta shiga kicin ɗinsa.

"Yaya Shozo, kwalba arba'in kawai, na abincin sabuwar shekara."

"Zauna tukuna. In ta zauna lafiya da duk abin da zan ba baƙi, na ɗauka."

Ya jera mata baƙin wake mai zaƙi, da naɗin ƙwai, da gasasshen jatan lande. Su ci, su kurɓa, su dubi juna. Lafiya lau. Sai ya turo ƙwan kifi, rawaya, mai ƙaras-ƙaras, wanda ba a shiga shekara babu shi, don shi ne fatan 'ya'ya da jikoki. Ta tauna, ta kurɓa. Nan take bakinta ya cika da ƙarni, kamar ta tsotsi ƙusa mai tsatsa.

"Haɗiye mana," in ji Shozo. "Ai giyarki ce."

Ta haɗiye. "Ba ni mako guda."

A gida ta sayo ƙwan kifi ta baje a tebur. Mijinta Kinji yana gefe, yana shan tasa giyar a kofin shayi yadda ubansa yake sha.

"Ke Tomie, yaushe giyarmu ta fara zaɓen abokin ci? Mu da muke kora kabeji mai gishiri da ita."

"Buɗe min wata kwalbar, ka daina wa'azi."

Ta jiƙa ƙwan ya kwana biyu, ƙarni na nan. Ta matsa lemon tsami, ya ragu kaɗan. Ta gwada giyar bara, ta gwada ja, ja ta fi muni. Kinji ya fara cin abincinsa a bakin ƙofa. A rana ta shida ta ɗiga man riɗi, ta tauna, ta kurɓa, ta jira. Babu ƙarni. Ko rigar sanyi ba ta saka ba ta hau keke.

Shozo ya ɗanɗana.

"Ya yi daɗi. Amma wannan ba na sabuwar shekara ba ne. Tsofaffin da ke zuwa nan, ɗanɗanon hannun iyayensu suke nema. Man riɗi bai taɓa shiga cikinsa ba."

"To a cire ƙwan kifin daga teburin."

"In cire wa mutane jikoki?"

"A ba su giyar shinkafa da shi, tawa da sauran abincin."

"Baƙona ba zai tsaya tantance kofi ba, ƙanwata. Zai ci, ya kurɓi taki, ya ce kifina ya ruɓe."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta toshe kwalbarta, ta tsaya a ƙofa.

"Me za ka dafa idan sanyi ya wuce, furanni suka buɗe?"

"Ke ba kya gajiya?"

"Rubuta min, in fara gwada giyata da shi."

Ya yagi takarda ya rubuta, yana girgiza kai.

Abin da ya tafi shi ne kwalba goma sha ɗaya da aka buɗe, ƙwan kifi kilo biyu, kwana shida, da kwalba arba'in ɗin da ba su bar rumbu ba.