Jinin Yaya Hamadu

Mahfuzu na ƙoƙarin jingina wayarsa da robar ruwa a kan gadon asibiti lokacin da yayansa Hamadu ya shigo, yana warin man dizal da gumin tuƙin tirela daga garin Garwa.

Ciwon sikila ne ya sake kwantar da Mahfuzu. Shekararsa ashirin da shida, kuma abu ɗaya aka san shi da shi a unguwa: bidiyoyin da yake ɗorawa a intanet yana ba da tarihin wani wasan kwamfuta na masu shan jini, kashi biyar, da Hausa. Sau goma sha uku Hamadu yana ba shi jini, don irin nasu ba kasafai ake samunsa ba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Nas ɗin nan, Madam Rosalie, ta ce kana isowa za a ɗibi jinin."

Hamadu ya ja kujera ya zauna.

"Jiya a hanyar Ngawundere na saurari abin nan naka. Maimaita mini. Ya aka fara?"

Daɗi ya kama Mahfuzu, don yayan bai taɓa tambaya ba. Ya gyara kwanciya duk da zugin da ƙashinsa ke yi.

"A kashi na farko jarumin wasan mutum ne kamar kowa. Annoba ta kashe shi, 'yan'uwansa suka tashe shi da jininsu saboda ƙauna. A na biyu ya gane ba zai rayu ba sai da ƙari. Daga na uku kuwa..."

"Ya shanye su ɗaya bayan ɗaya."

"Amma ba da son ransa ba, Yaya. Abin da wasan ke nufi ke nan. Bai roƙi a tashe shi ba."

"Su da aka shanye ɗin fa, an tambaye su?"

Mahfuzu ya mai da idonsa kan wayarsa.

"Wancan karon, kwana biyu da ɗiba, jiri ya ɗebe ni da tirela a gangaren dutse. Saura kaɗan. 'Ya'yana huɗu." Hamadu ya dube shi ido cikin ido. "Ya ƙarshen labarin?"

"Ba shi da ƙarshe. Kamfanin ya watsar da shi a na biyar."

"Sun yi hankali."

Hamadu ya miƙe, ya ajiye ledar lemo a gefen gadon, ya gyara hularsa.

"Lodi na jirana. Allah ya ba da lafiya."

Mahfuzu ya bi sautin takalminsa da kunne har ya ɓace a baranda.

Can sai ga Rosalie, nas ɗin ɗakin, da takarda a hannu.

"An shirya. Ina yayan naka?"

Mahfuzu ya dubi farin tafin hannunsa.

"Ya je alwala. Yanzu zai dawo."

Ta duba agogonta, ta zauna a kujerar, ta ce za ta jira.